Injin Mitwalli Ya Ƙi Wutar Garinmu

Jama'a, in kun ga rubutun yau ya ɗan karkace, ku yi mini uzuri, kafaɗata ce ke ciwo. Da safen nan ni da mijin ƙanwata, Mitwalli, muka ɗauki wani ƙonannen moto, wato ɗan injin nan da ke juya babban inji, muka hau da shi bene hawa huɗu da ƙafa. Akwai lifta a ginin, tana aiki sumul, har da madubi a cikinta. Sai dai mai gadi ya ce ta manya ce, kuma ƙarfe mai warin hayaƙi ba ya shiga inda Bey, wato babban mai ofishin, ke shiga. Na ce masa, "Ɗana, ni tsohon malamin makaranta ne, gwiwar nan tawa ta riga ni yin ritaya." Ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Ustaz Fargali. Ga matakala can hannun hagu." Madalla da tarbiyya, wataƙila ma ni na koyar da shi.

Bari in faro muku daga tushe, don kada ku ɗauka taɓin hankali ne ya sa dattawa biyu yawo da ƙarfe.

Mitwalli ya bar garinmu Jirja da gashinsa baƙi ƙirin, bai daɗe da auren ƙanwata Atiyat ba. Ya tsallaka teku ya tafi Jidda, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana matse rake da lemo a shagon wani. Gida sai wata ɗaya a shekara, shi ma in mai shagon ya tashi da fara'a. 'Yarsa Rabab a waya ta san muryarsa. Ranar da ta fara tafiya, da ranar da ta gama makaranta, duk a hoto ya gani. Mutumin nan ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya buɗe ɗan shagon ruwan rake nasa a titin tasha, in ya rufe da yamma ya taka da ƙafarsa ya je ya ci abinci a gidansa.

Bana ya ce ya isa haka. Ya tattara duk abin da ya tara ya dawo. Mai shagon da yake wa aiki ya buga masa bizar fita da dawowa, ya ce, "In abin bai yiwu ba gurbinka na nan, amma in bizar ta mutu, to ta mutu." Ku riƙe wannan, domin a makon nan take mutuwa.

Kun dai san halinmu. Wanda ya dawo daga can ba ya sayen kaya a nan. In ya saya, gari zai ce ashe yawo ya je yi. Mu da ke zaune a tsakiyar gonakin rake, mu da ake ƙera injin matse shi a bayan kasuwarmu tun kakanni, sam, ba zai yiwu ba. Sai da Mitwalli ya yi odar injinsa a Jidda, fari fat, mai ƙyalli, da firji mai ƙofar gilashi wanda ya fi ɗakin girkina faɗi. Ranar da motar kaya ta sauke su, Atiyat ta yi guɗa har muryarta ta dishe, ta kwana uku tana cewa maƙwabta, "Na can ne fa, kada yaro ya taɓa."

Kuma kada ku ce bai yi hattara ba. Duk Jirja an san labarin wuta mai ƙarfin ɗari da goma da mai ɗari biyu da ashirin, domin babu gidan da bai taɓa binne talabijin ko dutsen guga ba a kan wannan darasi. Mitwalli ya tsaya a kan mai sayarwa sai da ya rantse masa cewa ɗari biyu da ashirin ne, irin tamu. Ya duba kan fulogi. A tashar jirgin ruwa aka riƙe kayan, aka ce sai masana sun gwada, ya biya abin da aka ce ya biya, aka danna masa hatimi mai faɗin tafin hannu. Me kuma ya rage wa bawan Allah?

Ranar buɗe shago aka yanka rago, aka buga tafin hannu da jininsa a bango saboda bakin mutane. Mitwalli ya sa sabuwar jallabiya, ya yi bisimilla, ya kunna. Injin ya amsa, amma da wani irin nishi, kamar jakin da aka yi wa lodi a hawa. Ya ce, "A can ba haka yake kuka ba." Na ce ko baƙunta ce. Aka ci gaba da cusa masa rake, jama'a na ta miƙo kofi. Kafin azahar jikinsa ya yi zafin da za ka iya gasa burodi a kai. Bayan la'asar sai hayaƙi, sai tartsatsi, sai wuta ta kama tarin ɓawon rake da ke gefe. Maƙwabta suka kashe da bokitai, Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Kafin a gama share ruwa shi ma firjin ya yi wani gurnani ya yi shiru. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Da yamma muka kwance moton muka kai gida.

Washegari kuwa sai na ga abin da ya ƙara mini son ƙasata. Mutanen da suka shafe wata da watanni kafin su sa hannu a takardar izinin shagon, su ne suka iso tun kafin a sauke tukunyar waken karin kumallo. Su biyar, da jaka. Suka ja ƙofa, suka ɗaure da zare, suka ɗiga narkakken jan kaki irin na zuma, suka danna hatimi. Suka ce an yi amfani da inji mai haɗari ga jama'a. Duk wanda ya ce ma'aikatanmu ba sa sammako, ya zo in nuna masa.

A gidan gahawa aka buɗe zaman bincike. Hajji Zaglul, maƙwabcina, wanda bai taɓa rasa amsar tambaya ba tun da aka haife shi, ya ajiye bakin shisha ya ce, "Ustaz, kai da ka yi boko ba ka gane ba? Wutar can da man fetur ake yin ta, mai maiƙo ce. Tamu da ruwan madatsa ake yi, tsararo ce. Inji ya saba da nama ka ba shi miyar lalo, ai dole ya kwanta."

Na ce, "Hajji, to me ya sa zafi ya yi?"

Ya ce, "Fushi."

Wani ya ce ido ne, ragon ya yi ƙanƙanta. Mai gyaran da muka kai wa moton ya leƙa kawai ya ce, "Na can ne? Haka suke yi. Wasu su jure, wasu su ƙone, ban san dalili ba. Ku kawo a sa na gida." To ai mun yarda a sa na gida. Amma uwar injin tana cikin shago, shago kuma yana bayan jan kaki, haya na tafiya, lokacin rake na ƙarewa.

Daga nan muka shiga zagayen ofisoshi. Na ƙasa ya tura mu na sama, na sama ya ce mai kujerar ya je ta'aziyya. Mun ga Mai Girma Mataimakin Mai Riƙe da Mabuɗin Kabad. Mun ga Babban Mai Duba Abin da Aka Riga Aka Duba. Kowannensu ya karɓe mu hannu biyu, ya kira Mitwalli Hajji, ya ce abin ya taɓa shi matuƙa, sannan ya rubuta mana sunan wani a 'yar takarda. Na ƙarshensu ne ya ce mu ɗauko ƙonannen moton mu kai wa Injiniya Dakta Bey, shugaban Kwamitin Sasanta Injuna da Wutar Ƙasa, shi kaɗai ke da ikon cewa a ɓare kakin. Yau ce ranar da yake ganin jama'a. Yau ce kuma ranar motar Safaja, garin bakin teku, ta ƙarshe da za ta riski jirgin ruwa kafin bizar Mitwalli ta mutu. Atiyat ta haɗa masa jaka tun jiya tana kuka, ta ce in Allah ya sa aka dace sai ta kwance.

Muka dire moton a kan kafet muna haki. Bey mutum ne mai kyan gani, tubarkalla, ga na'urar sanyaya ɗaki biyu suna hura shi ta dama da hagu. Bai ko tashi ba. Ya sa bakin alƙalami ya goge toka a jikin ƙarfen, ya yi murmushi irin na likitan da ya ga ƙurji.

Ya ce, "Sittin ne."

Mitwalli ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗari biyu da ashirin ne, wallahi sai da na sa mutumin ya rantse."

"Wannan ƙarfi ke nan, Hajji. Ni bugu nake nufi."

Sai ya gyara zama ya ba mu karatu, kuma don Allah kada in ci haƙƙinsa, ya iya. Ya ce wutar da ke cikin waya ba miƙewa take yi kamar ruwa a famfo ba, kai da kawo take yi, gaba da baya. A ƙasarmu tana yin haka sau hamsin a daƙiƙa ɗaya, a tsallaken teku sau sittin. Moto da wannan bugun yake juyawa. Wanda aka ƙera don sittin, in ka ba shi hamsin, sai ya rage gudu, ya riƙa zuƙar wutar da ta fi cikinsa, ya yi zafi, in aiki ya yi masa nauyi ya ƙone.

Na ce, "Yallaɓai, to wa ya raba mana wutar haka? Teku ɗaya ce fa tsakani, alƙibla ɗaya."

Ya ji daɗin tambayar, har ya sa aka kawo shayi. Shi kaɗai. Ya ce shekara ɗari da wani abu da suka wuce, lokacin da wutar lantarki ke jaririya, kowane kamfani lambar da ta yi masa yake ɗauka. In bugun ya yi kaɗan fitila ta riƙa ƙifta ido, in ya yi yawa injuna da dogayen wayoyi su wahala, saboda haka aka taru a tsakiya. Amurkawa suka tsaya a sittin, Jamusawa da sauran Turawa suka tsaya a hamsin, ba don ɗaya ya fi ɗaya tsarki ba. Daga nan duk ƙasar da ta sayi injinan wutarta na farko a hannun wani, ta auri lambarsa har abada. Mu Turawa suka kawo mana. Can kuwa Amurkawan da suka zo haƙar mai ne suka zo da tasu. Ya ce akwai ma Japan, da ta saya a hannun kowa, har gobe rabin ƙasar hamsin rabi sittin. Sauyawa kuwa sai dai a sauya kowane inji a ƙasa, daga na masaƙa har na markaɗe, shi ya sa kowa ya zauna a inda tarihi ya ajiye shi.

Na ce, "Tabɗijam. Ashe an san da wannan."

Ya ce, "Haba Ustaz, ɗan aji ɗaya a kwalejin injiniya ya sani."

"To masanan da suka riƙe kayan a tashar jirgi, suka karɓi kuɗin gwaji, suka buga hatimi fa? Na ɗauka wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Ya ce, "Hatimin nan yana shaida cewa inji ya shigo ƙasa. Bai ce zai yi aiki ba. Kuma ka gani da idonka, ya shigo."

Wallahi kuwa. Gaskiya ce tsagwaronta, inji ya shigo.

Na daure na ce, shekara nawa mutanenmu na tsallakowa da firji da injin wanki a ka, ba za a kafa ko allo a tashar ba, a rubuta a kula da hamsin da sittin? Fuskarsa ta yi haske. Ya ce ai kwamitinsa ya riga ni. An ware kuɗi, an je Japan har sau biyu don ganin yadda suke zaune da matsalar, an dawo an kafa allon, babba, mai fitilu, mai juyawa da kansa don na dama da na hagu su gani. An yanka ƙyalle, an yi jawabi, an ci abinci.

"To yana ina?"

Ya ɗan kurɓi shayi. Ya ce allon yana gyara. Da na matsa, sai ya ce 'yan kwamitin sun haɗa da Umara a hanyar dawowa, kuma a can suka ga allon da rahusa.

Ban yi dariya ba, jama'a. Na kalli Mitwalli, na ga bai ma ji ba. Yana tsaye ya harɗe hannu a ciki kamar mai salla, idonsa a kan moton. Ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, na ji, kuskurena ne. Zan sa moton gida, yau ɗin nan in an yarda. A ɓare mini kakin kawai. Ina da 'ya, an kusa sa mata rana, ban taɓa yin azumi cikakke da ita a gida ɗaya ba."

Bey ya dafa ƙirji. Ya ce shi ma uba ne. Ya ce abu ne mai sauƙi ƙwarai: da zarar kwamiti ya gwada injin ya tabbatar ya dace da wutar ƙasa, sai a ɓare. Na ce to a zo a gwada. Ya ce ba a gwada inji sai yana aiki. Na ce to a buɗe mu gyara ya yi aiki. Ya ce ba a buɗe shagon da aka rufe sai an gwada. Na ce yaushe kwamitin zai zauna ya warware wannan ƙulli? Ya ce bayan Babbar Salla, in Allah ya kai mu, domin biyu daga cikin 'yan kwamitin suna da aikin Hajji a bana.

Na buɗe baki zan faɗi abin da zai sa a rufe wannan shafi da jan kaki, sai Mitwalli ya riƙe hannuna. Ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe." Ya gode! Ni abin da ke kashe ni da mutanenmu ke nan. A taka mu, mu ce Allah ya sa ba mu ɓata takalmi ba. Muka sauko har ƙasa. A bakin ƙofa ya tsaya ya kalli titi, ya ce, "Yaya, shekara biyu kawai zan ƙara. In biya haya, in sayi na gida, in yi wa Rabab kayan ɗaki." Na ce haka ne. Haka ya ce a wancan karon ma, yana da gashi.

Bayan la'asar muka raka shi tashar mota. Atiyat ta daina kuka, ta koma faɗa, wanda a gidanmu shi ne babban kuka. Ta cusa masa burodin gida, da tsohon cuku a gwangwani, da soyayyun tattabaru, tana cewa ya rame, kuma kada ya kuskura ya riƙa cin abincin titi. Rabab na riƙe da hannun rigarsa kamar ƙaramar yarinya, ita da ke shirin aure. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, har na juya ina karanta lambar motar don kada a ga idona.

Da yaran mota suka fara kiran fasinja, sai Atiyat ta ciro wani ƙunshi daga cikin mayafinta. Agogon rediyonsu ne, tsoho, mai jajayen lambobi, irin wanda ake jonawa a bango, wanda ke gefen gadonta tun suna amare. Ta ce, "Ungo. Ka ajiye kusa da kanka, kada ka taɓa shi, ka bar shi a lokacin gida. In ka duba ka san ko mun ci abinci, ko mun kwanta. Na duba bayansa, ɗari biyu da ashirin ne, kada wani ya ce maka wani abu."

Ni kuwa da karatun Bey bai huce a kaina ba, nan take na hango matsala. Irin wannan agogo bugun wuta yake ƙirgawa ya san lokaci. An haife shi a hamsin. In ya ji sittin zai riƙa zabga gudu, kafin azahar ɗin Jidda ya ce la'asar ta yi a Jirja, kafin mako ya fita ya shiga wani. Na matsa kusa da Mitwalli na rage murya, na ce, "Ka san fa a can..."

Ya taka mini ƙafa. Ya karɓi agogon da hannu biyu, ya sa a cikin jallabiyarsa, ba a jaka ba. Ya ce wa Atiyat Allah ya yi albarka. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a mota ya sunkuyo wajen kunnena.

Ya ce, "Na sani, Yaya. Bar shi ya yi gudun. Shekara biyu na ce mata."

Motar ta tashi. Ni dai a iya rayuwata, yau ne karo na farko da na ga wannan bambanci na hamsin da sittin zai yi wa talaka rana. Don girman Allah, in kuna da ɗan'uwa a hawa na huɗu, kada ku ba shi labari, kar a kafa kwamitin gyara agogon.